Darasi A Kan Ma'ajiyar Kalmomin Sirri Ga Masu Aiki Da Linux

A hutun da ya wuce wata bukata ta kai ni Utako, unguwar nan ta Abuja da ke maƙwabtaka da Jabi, inda motocin tafiya mai nisa su ke lodi. Na shiga wani shago kusa da kasuwa don in buga takarda, sai na tarar da ɗalibai sun yi layi ana yi musu rajista a kwamfuta. Mai shagon yana da wani littafi a gefensa. Duk wanda ya zo sai ya tambaye shi kalmar sirrinsa, ya rubuta a ciki, wai don kada yaro ya manta. Da na kai ido, sai na ga yawancinsu sunansu ne da shekarar haihuwa. Na tambayi wani yaro ko kalmar nan ita ce ta imel ɗinsa. Ya ce, "Ita ce, Malam, har da ta Facebook, don guda ɗaya ta fi sauƙin riƙewa."

To, 'yan'uwa ɗalibai, gobe ku ne za a danƙa wa sakamakon jarrabawar yara da takardun makaranta, kuma yawancinsu yanzu a kwamfuta su ke. Saboda haka ya kamata mu san yadda a ke tsaron ƙofa tun ba a ba mu ɗakin ba.

1. Asalin Matsalar

Kalmar sirri ta kwamfuta ta samo asali ne wajen 1961 a jami'ar MIT ta Amurka, inda Fernando Corbató da abokan aikinsa su ka shirya yadda mutane da yawa za su yi aiki da inji ɗaya, kowa da nasa mabuɗi. A lokacin kalma ɗaya ta ishi mutum. Yau kuwa malami ɗaya yana da ta imel, da ta banki, da ta shafin kwaleji, da waɗansu barkatai. Da ƙwaƙwalwa ta gaza, sai mutane su ka koma ga kalma ɗaya gajera, su na buɗe kowace ƙofa da ita.

Ga inda haɗarin ya ke. A 2009 ɓarayi sun kwashe kalmomin sirri wajen miliyan 32 daga kamfanin RockYou, aka duba aka ga wadda ta fi yawa ita ce 123456. A 2013 an fasa Yahoo, daga bisani kamfanin ya ce abin ya shafi asusu miliyan dubu uku. In ɓarawo ya sami kalmarka a wuri guda, sai ya bi sauran wurare yana gwada ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

2. Ɗan Lissafi

Ku ɗauki alli mu gwada. Lamba mai gurbi huɗu, irin ta katin banki, tana da fuska 10,000 kaɗai. Kalma mai ƙananan haruffa takwas na boko tana da 26 sau kanta har takwas, watau 208,827,064,576. Ga ido wannan da yawa. Amma mu ƙaddara akwai injin da ke gwada miliyan dubu a daƙiƙa ɗaya: zai gama da su duka cikin minti uku da rabi.

A 1995 Arnold Reinhold ya fito da wata dabara. Ya jera kalmomi 7,776, kowace da lambarta. Mutum ya jefa ɗan lido sau biyar, lambar da ta fito ta ba shi kalma ɗaya. In ya haɗa kalmomi shida ta haka, injin nan namu zai yi shekara wajen miliyan bakwai kafin ya ƙare gwaji. Abin lura shi ne tsawo ya fi ado amfani, kuma lalle zaɓin ya zama na ƙuri'a. Karin magana ko baitin waƙa da kowa ya sani ba su da wannan ƙarfi.

3. Mece Ce Ma'ajiyar Kalmomin Sirri?

Manhaja ce mai kama da adakar tsofaffi. Dukan mabuɗanka su na ciki, an rufe da kwado ɗaya. Kai dai ka riƙe kalma ɗaya tak, wadda za mu kira uwar kalma. Manhajar ita ke ƙirƙiro maka doguwar kalma dabam ga kowane wuri, ta adana, ta kuma cika maka gurbi in ka zo shiga. Abin da ke ciki an juya shi da lissafi har ba ya karantuwa sai da uwar kalmar. Lissafin da a ka fi aiki da shi sunansa AES. Waɗansu masana biyu 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, su ka ƙago shi, Amurka ta amince da shi a 2001.

4. Don Me Buɗaɗɗiyar Manhaja?

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda a ka baje rubutun gininta a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba. Linux kanta haka ta ke, tun da Linus Torvalds ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan. Ubuntu, wadda masu koyo su ka fi sani, Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa ta a 2004.

Watakila wani ya ce, ashe ba taimakon ɓarawo ba ne a nuna masa cikin kwado? Tun 1883 Auguste Kerckhoffs ya amsa wannan. Ra'ayinsa shi ne tsarin sirri nagari lalle ya tsaya da ƙafarsa ko da abokin gaba ya san yadda a ka gina shi, muddin bai sami mabuɗin ba. Maƙerin da ke ƙera kwado a tsakiyar kasuwa, in ya yi algus sauran maƙera za su gani. Wanda ya shige ƙuryar ɗaki kuwa, sai dai ka yarda da maganarsa kawai.

Amma kada mu ruɗi kanmu. A Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano an cusa ɓoyayyiyar ƙofa cikin wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna xz, wadda Linux ke aiki da ita. Buɗewar ba ta hana mugun shiga ba, sai dai ita ta sa a ka iya bin sawunsa da wuri.

5. Guda Uku Da Ya Kamata Ku Sani

Ta fari, KeePassXC. Kakanta KeePass ne, wanda Dominik Reichl na Jamus ya fitar a 2003, ita kuwa ta fito a 2016. Tana ajiye kome cikin fayil ɗaya a kan kwamfutarka, ba ta bukatar intanet. Wannan ya dace da mu, da ya ke data na da tsada kuma sabis na yankewa. A Ubuntu sai ka buɗe baƙin allo ka rubuta sudo apt install keepassxc. A wayar Android, KeePassDX na buɗe fayil ɗin nan. Nauyin da ke kanka shi ne kwafi: in kwamfuta ta lalace ba ka da wani, shi ke nan.

Ta biyu, Bitwarden, wadda Kyle Spearrin ya fara a Amurka a 2016. Ita tana kulle kalmominka tun a na'urarka, sa'an nan ta aika da kullallen kwafi wurin kamfanin, don waya da kwamfuta su riƙa tafiya daidai. Tana da tsari na kyauta. Ta fi sauƙi ga mai na'ura biyu ko uku. Sai dai adakarka na ɗakin wani. Abin da ya sami LastPass, wadda ba buɗaɗɗiya ba ce, ya isa ishara: a 2022 ɓarayi sun kwashi kullallun ma'ajiyun jama'a daga wurinta, masu raunanan uwar kalma su ne su ka shiga haɗari.

Ta uku, pass, ta Jason Donenfeld, 2012. Ba ta da hoto ko maɓalli, sai umarni a baƙin allo. Kowace kalma tana cikin fayil nata, an kulle da GPG. Ta 'yan sashen kwamfuta ce waɗanda hannunsu ya faɗa. Mai koyo ya dakata tukuna.

Shawarata ga ɗalibin da ke da kwamfuta ɗaya ya fara da KeePassXC. Wanda rayuwarsa ke kan waya ya ɗauki Bitwarden.

6. Ka'idodi Biyar

(a) Uwar kalma ta kai kalmomi shida na ƙuri'a, kuma kada ka yi aiki da ita a wani wuri.
(b) Rubuta ta a takarda, ka ɓoye a gida inda ka ke ajiye takardun shaidarka. In ka manta ta, ba mai iya buɗe maka, ko waɗanda su ka gina manhajar.
(c) Mai KeePassXC ya kwafi fayil ɗinsa a filashi biyu, ɗaya a wani gida dabam, ya riƙa sabuntawa.
(d) Kada ka buɗe ma'ajiyarka a kwamfutar shago. In tilas ta sa ka shiga wani asusu a can, ka buga kalmar da hannunka, ka fita sosai, in ka koma gida ka sake ta.
(e) Fara gyara da imel, domin ta nan a ke sake sauran kalmomi. Ka ƙara masa mataki na biyu, watau lambar nan mai sauyawa. Lambar da banki ya aiko maka kuwa, kada ka karanta wa kowa a waya.

Ku tuna kuma, tun 2023 Nijeriya tana da Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Makaranta na cikin masu wannan nauyi, malamin aji kuwa shi ne mai gadin ƙofarta. Sunan yaro da makinsa amana ne a hannunku.

Tambayoyi

1. Ƙidaya wuraren da ka ke shiga da kalmar sirri. Nawa ne ke da kalma iri ɗaya?
2. Kalma mai lambobi takwas zalla fuska nawa gare ta? Injin misalinmu zai ɗauki wane lokaci a kanta?
3. Bayyana ra'ayin Kerckhoffs yadda ɗan aji shida na firamare zai fahimta.
4. Da kai ne mai shagon nan na Utako, me za ka yi maimakon littafin?

Wanda ya amsa ta fari da gaskiya, kada ya kwana bai sake kalmar imel ɗinsa ba.