Yaya Ake Duba Man Jirgin Feshin Jan-baki?

Wani manomi daga Jega, tare da abokansa na Aliero da Maiyama, suna tambaya: ƙananan jiragen da ke tashi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi don feshin tsuntsayen jan-baki, wa ke duba lafiyar mansu?

To Malam, matuƙin ne da kansa kan fara. Kafin tashin farko na yini, da duk lokacin da aka ƙara mai, yakan tsiyayi kaɗan daga ƙasan tanki cikin kofi mai haske, ya ɗaga ya duba. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya. Man ƙananan jirage da ake kira avgas 100LL shuɗi ne, sai ka ga ruwan ya ware a gindin kofin. Ta ina yake shiga? Murfin tanki da robarsa ta tsufa kan sha ruwan damina, tankin da ya kwana rabi kuma kan tara raɓa. Ko zanzaro ma abin tsoro ne, domin idan ya toshe bututun shaƙar iska da laka, mai kan daina gangarowa injin.

Sai injiniyoyi masu lasisin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, waɗanda kan kwance matatar mai, su bincika bututu da famfo bisa jadawalin awannin tashi.

Kada a raina lamarin. A Yulin 2023 an samu ruwa a tankin wani babban jirgin fasinja a Yola, har NCAA ta dakatar da jiragen Boeing 737 na kamfanin da ke da jirgin.