Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Gargaɗi Kan Waya da Tuƙi

Jama'a, tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 ta zama abokiyar tafiyar kowa. Ɗan kasuwa yana ciniki da ita, matafiyi yana sanar da gida inda ya kai. Amma idan ta shiga hannun wanda ke riƙe da sitiyari, sai amfaninta ya koma illa.

Yadda waya ke cutar da direba

Tuƙi yana bukatar abu uku a lokaci guda: ido, hannu da hankali. Waya kuwa duka ukun take ɗauka. Mai duba saƙo ya kawar da idonsa daga titi. Mai riƙe da waya ya bar hannu ɗaya ga sitiyari da giya. Mai cacar baki da abokin ciniki a waya, ko da idonsa na kan hanya, hankalinsa yana kasuwa.

Mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, kamar yadda ake yi a hanyar Kano zuwa Zariya, tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuya daƙiƙa 5 yana karanta saƙo ya yi tafiyar kusan mita 140 bai ga komai ba, wato fiye da tsawon filin ƙwallo. A wannan tazara yaro zai iya tsallako titi, shanu su keto, ko tirela ta taka birki a gabansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin hatsari da kusan ninki huɗu. Ta kuma ce sa abin sauraro a kunne bai rage haɗarin sosai ba, domin hankali ne ke rabuwa. Saboda haka ɗan acaɓa da ke cusa waya cikin hula, da mai a-daidaita-sahu da ke matse ta da kafaɗa, kada su ɗauka sun yi dabara.

Abin da doka ta ce

A Nijeriya amsa waya ana tuƙi laifi ne mai tara. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke kama masu yi, kuma a 2017 ta fara tura irin waɗannan direbobi asibiti a duba lafiyar hankalinsu.

Abin da ya wajaba a kan kowa

Direba, in kira ya matsa, sa sigina, gangara gefe, tsaya cak, sannan ka amsa. Fasinja, kada kunya ta hana ka cewa, "Malam direba, don Allah ajiye wayar nan," domin ranka ne a hannunsa. Uwargida, in kin kira maigida kika ji ƙarar mota, ce masa ya kira in ya sauka. Shugabannin tasha su riƙa tunatar da 'ya'yan ƙungiya kafin mota ta tashi.

Kada wani ya fake da ƙaddara. Rayukan fasinja amana ce, kuma za a tambayi mai sakaci da ita. Ajiye waya har ka isa. Allah Ya kai mu lafiya.