YADDA AKE ƘYANƘYASHE ƘWAN ARTEMIYA DA SAURI DON CIYAR DA 'YA'YAN KIFI

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1951, lokacin da aka soma gina gonar kifi ta Panyam a ƙasar da yau take cikin Jihar Filato, sana'ar kiwon kifi take ta yaɗuwa a Nijeriya, har ta kai yanzu babu wata ƙasa da ta kai tamu kiwon tarwada irin ta Afirka. A unguwar Gwarinpa da ke Abuja, alal misali, akwai magidanta da matan aure da 'yan fansho waɗanda suka kafa tankunan roba ko na tamfol a bayan gidajensu suna kiwo, ga kuma Kasuwar Kifi ta Kado a maƙwabtakarsu.

To, amma kowane tanki ya dogara ne ga samun 'ya'yan kifi masu lafiya, kuma masu ƙyanƙyasa sun san cewa asara mafi muni a makon farko take aukuwa. Sau da yawa mutum yakan ƙyanƙyashe dubban 'ya'yan tarwada, ya wayi gari bayan kwana biyar ko shida ya tarar sun mutu rututu. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo haka shi ne yunwa. Wannan darasi zai bayyana yadda ake shirya abincin farko na ɗan kifi, wato artemiya, yadda zai samu a daidai lokacin da ake bukatarsa.

Mene Ne Artemiya?

Artemiya wani ɗan ƙaramin jatan lande ne da ke zaune a tafkuna masu gishiri ƙwarai, inda kifi ba ya iya rayuwa. Idan gishiri ya yi yawa, ko sanyi ya gabato, sai macen ta saki ƙwayaye masu ɓawo mai tauri, launin ƙasa, ƙanana kamar rairayi mai laushi. A cikin kowane ɓawo akwai ɗan tayi wanda yake barci. Kamar yadda gaiwa takan shige taɓo da rani ta kwanta sai ruwa ya dawo, haka wannan ɗan tayi yake iya daɗewa a bushe shekara da shekaru, da zarar ya ji ruwan gishiri sai ya farka. Giram ɗaya na wannan ƙwai yana ɗauke da ƙwayaye tsakanin 200,000 da 300,000.

An fara bayyana wannan halitta a rubuce a shekarar 1755, daga fadamun gishiri na Limington a Ingila. A shekarar 1933 wani masani mai suna Alvin Seale a Amurka, da kuma Gunnar Rollefsen a Nowe a 1939, suka nuna cewa jariran artemiya abinci ne mai kyau ga 'ya'yan kifi. A 1978 aka buɗe cibiyar nazarinsa a Jami'ar Gent ta ƙasar Beljiyam. Babban Tafkin Gishiri da ke Jihar Yuta a Amurka yana daga cikin manyan wuraren da ake kwasar ƙwan, ana kuma samunsa a Sin da Rasha da Kazakistan da Biyetnam. Wanda ake amfani da shi a nan ƙasar daga waje ake shigo da shi cikin gwangwani, da kuɗin ƙasashen waje. Saboda haka duk cokalin da ya lalace, asara ce ga mai kiwo, asara ce kuma ga ƙasa.

Dalilin Gaggawa

Ɗan tarwada yana fitowa daga ƙwai da 'yar jakar gwaiduwa a cikinsa, ita ce guzurinsa na kimanin kwana uku. Ranar da ta ƙare, lalle ne ya sami abinci. Bakinsa ƙarami ne, cikinsa kuma bai yi ƙwarin da zai narkar da busasshen abinci sosai ba. Idan bai samu ba, ko dai ya rame ya mutu, ko kuwa manya su shiga cin ƙanana.

Shi ma jaririn artemiya da nasa guzurin yake fitowa, kuma wannan guzuri shi ne amfaninsa ga kifi. A sa'ar da ya fito tsawonsa bai wuce rabin milimita ba, launinsa ruwan goro. Bayan awa 6 zuwa 8 sai ya yi saɓa, ya ƙara tsawo, ya yi haske, ya ƙara sauri, ya kuma cinye wani kaso na ƙarfin da ke jikinsa. Ashe ke nan lokaci biyu mai kiwo yake gadi: ranar da gwaiduwar ɗan kifi za ta ƙare, da sa'ar da artemiya zai fito. Gwaninta ita ce a haɗa su wuri ɗaya.

Kayan Aiki

Ba a bukatar kaya masu tsada. Ga abin da za a tanada:

1. Gorar roba mai cin lita ɗaya da rabi ko biyu. A yanke gindinta, a kifa ta baki ƙasa da murfinta a rufe, ta zama kamar mazurari. A tanadi guda biyu.
2. 'Yar na'urar hura iska irin ta akwatin kifin ado, da siririn tiyo.
3. Gishiri mai tsabta, da bekin soda irin ta masu gasa burodi.
4. Kwan fitila mai haske, da ma'aunin zafi, da ƙaramin sikeli.
5. Mataci mai laushi ƙwarai, ko farin ƙyalle mai tsantsan saƙa.

Sharuɗɗa Biyar

Gishiri. A narkar da giram 25 na gishiri, wato kimanin babban cokali ɗaya da rabi, a cikin lita ɗaya ta ruwa. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa sosai tsakanin giram 15 da 35. Idan gishiri ya zarce haka, ɗan tayin yakan daɗe kafin ya sha ruwan da zai fasa ɓawo. Ruwan famfo, irin wanda ake tacewa daga madatsar Usuma, yana da sinadarin kulorin, don haka a tara shi a buɗe ya kwana tukuna. Kada kuma ruwan ya kasance mai tsami. A ma'aunin tsamin ruwa ana son ya kai 8 ko ya ɗara kaɗan. Bekin soda da ba ta wuce giram ɗaya a lita ba takan gyara wannan.

Zafi. Wannan shi ne linzamin sauri. Abin da ake so shi ne digiri 25 zuwa 28 a ma'aunin santigired. A digiri 28 yawancin ƙwai yakan fashe cikin awa 18 zuwa 24. Ƙasa da 25 aikin yakan ja, har ya kai awa 36 ko fiye. Sama da 33 kuwa ɗan tayin lalacewa yake yi, ba ya kuma farfaɗowa. Mazauna Abuja da sauran Arewa su lura da yanayi biyu. Da hunturu, a watannin Disamba da Janairu, sanyin dare yakan sanyaya gora, sai a tsayar da ita cikin roba mai ruwan ɗumi, ko a matso mata da kwan fitila. Da bazara, a Maris da Afrilu, ɗaki mai rufin kwano yakan yi zafin da zai kashe ƙwan, sai a kai gorar inuwa mai iska. Kada a yi kintace, a duba ma'auni.

Iska. A zura tiyo har can ƙasan mazurarin, a bar iska ta riƙa tashi da ƙarfi ba yankewa, ruwan yana juyawa kamar yana tafasa. Ƙwan da ya kwanta a ƙasa shaƙewa yake yi. Tun da wutar lantarki ba ta da tabbas, wajibi ne a tanadi na'ura mai aiki da batir ko da hasken rana, domin ɗaukewar wuta ta 'yan awoyi da dare ta isa ta ɓata gora guda.

Haske. Haske ne yake tada ɗan tayi daga barci, musamman a awoyin farko bayan ƙwan ya jiƙa. A rataya fitila a saman gorar, a bar ta a kunne har a gama.

Yawan ƙwai. A zuba giram 2 a kowace lita. Cunkoso yana rage iska, yana kawo kumfa, yana rage yawan abin da zai fito.

Yadda Ake Kwasa

Idan ruwan ya juya ya zama ruwan goro, lokaci ya yi. A cire tiyon iska, a rufe saman gorar da baƙin ƙyalle, a haska fitila ko tocila a ƙasanta, a jira minti 5 zuwa 10. Ɓawon da ya fashe zai taso sama, ƙwan da bai fashe ba zai nutse can ƙasa, jariran kuwa, da yake masu bin haske ne, za su taru a bisansa. Kada a wuce minti 10, don za su shaƙe. A zuƙo su da tiyo a cikin mataci, a ɗauraye su da ruwa mai tsabta, sa'an nan a ba kifi nan take. A kiyaye kada ɓawo ya bi su, domin ba ya narkewa, yana toshe cikin ɗan kifi, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ruwan gorar a zubar da shi, a wanke ta sarai kafin a sake ɗorawa.

Tsarin Ciyarwa

A ɗora gorar farko a rana ta biyu bayan 'ya'yan kifi sun fito, yadda abinci zai samu a rana ta uku. Daga nan a riƙa ɗora gora ɗaya da safe, ɗaya da yamma, don kullum a sami sabo. Artemiya ba ya wuce 'yan awoyi a raye cikin ruwan daɗi, saboda haka a riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan bayan kowace awa 3 ko 4. Alamar ƙoshi ita ce a ga cikin ɗan kifi ya tasa, ya yi launin ruwan goro. Abin da ya mutu ya kwanta a ƙasan tanki a zuƙe shi kullum, kada ya ruɓe ya ɓata ruwa. Wanda ya rage a hannu ana iya ajiye shi cikin ruwan gishiri a firji, ƙasa da digiri 10, har zuwa awa 24. Sanyi yana hana shi cinye guzurinsa. Bayan mako guda zuwa kwana goma sai a fara yaye, a riƙa rage artemiya ana ƙara garin abincin kifi sannu a hankali.

Cire Ɓawo

Akwai wata dabara da ke raba mai kiwo da wahalar ɓawo. A jiƙa ƙwan cikin ruwan daɗi awa ɗaya ana hura masa iska. A tace, a zuba shi cikin ruwan bilic na wanki marar turare wanda aka sirka da ruwan sanyi, ana motsawa. Ƙarfin bilic ya bambanta, don haka launi ake bi: daga ruwan ƙasa zuwa ruwan toka, sa'an nan ruwan goro, cikin minti 3 zuwa 15. Da ganin ruwan goro a tace maza, a yi ta ɗauraya har warin bilic ya gushe. Bayan haka a tsoma shi cikin ruwa mai ɗan binega ƙasa da minti ɗaya, a sake ɗaurayewa. Gargaɗi: kada a kuskura a haɗa bilic da binega wuri ɗaya, domin suna fid da iska mai guba.

Ƙwan da aka cire wa ɓawo ana iya ƙyanƙyashe shi kamar yadda aka bayyana, ana kuma iya ba 'ya'yan tarwada shi kai tsaye. Haka nan ana sayar da busasshen ƙwai marar ɓawo a shaguna. Yawancinsa ba ya ƙyanƙyashewa, jiƙa shi kawai ake yi a bayar. A karanta rubutun jikin gwangwani kafin a saya.

Kifin Teku

Masu ajiye kifin teku na ado a akwatin gilashi, da masu kiwon kifin teku da jatan lande a bakin gaɓa, su ma wannan hanya suke bi, sai dai da bambanci biyu. Na farko, 'ya'yan kifin teku da yawa bakinsu ya yi ƙanƙanta ga artemiya, sai an fara ba su wata halitta mafi ƙanƙanta mai suna rotifa na wasu kwanaki. Na biyu, suna bukatar wani irin mai wanda artemiya ba shi da isasshe, don haka akan ciyar da shi abinci mai man kifi bayan ya yi saɓar farko, kafin a ba su. A ruwan gishiri kuma artemiya ya fi daɗewa a raye.

Ajiya

Danshi da zafi su ne abokan gaban ƙwan artemiya. Gwangwanin da aka buɗe a rufe shi kam, a ajiye a firji, a kuma riƙa ɗiba da busasshen cokali. Kafin a yi wa uwar kifi allura, a gwada ƙyanƙyashe ɗan kaɗan a ga yawan abin da zai fito. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ran tafiya. Mai neman ƙarin horo yana iya tuntuɓar malaman kifi na jiharsa, ko Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja.

Tambayoyi

1. Don me ake son a ba ɗan kifi artemiya tun bai wuce awa 8 da fitowa ba?
2. Wane zafi ne ya fi dacewa da ƙyanƙyasa, kuma me ke faruwa idan ya wuce digiri 33?
3. Idan 'ya'yan tarwada sun fito ran Litinin, yaushe ya kamata a ɗora gorar farko?
4. Wace illa ɓawo yake yi wa ɗan kifi, kuma ta yaya ake raba shi da jariran artemiya?