Kano zuwa Jidda: awa nawa ne a sama, awa nawa ne a tikiti?

Mu masu yankar wa matafiya tikitin jirgi, da zarar lokacin Umara ya kama akwai tambayar da ba ta barin teburinmu: "Malam, ya aka yi zuwa awa bakwai, dawowa awa uku? Ko jirgin dawowar ya fi gudu ne?"

Ba gudu ba ne, agogo ne. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kimanin kilomita 3,400 ne idan an miƙe. Jirgin fasinja kan ci wajen kilomita 850 a awa, wato awa huɗu ke nan, sai a ƙara da lokacin hawa sama da saukowa da jiran layi, abin ya doshi awa biyar. To amma agogon Saudiyya na gaba da na Najeriya da awa biyu, kuma kowane lokaci da ke jikin tikiti na garin da aka rubuta ne. Wanda ya tashi Kano ƙarfe 10 na dare zai ga an rubuta masa sauka 5 na asuba. A dawowa kuma ya bar Jidda 8 na safe, ya sauka Kano 11.

Hanyar ma ba kullum take miƙewa ba. Layin da ya fi kusa ta kan Cadi da Sudan ya bi, shi ya sa da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo, man da ake sha ya ƙaru. Wanda kuma ya bi tikiti mai rahusa ta Alƙahira ko Addis Ababa, ya duba awannin zaman jira tukuna. Ga tsoho mai ciwon ƙafa ko mai ciwon suga, ni ban cika ganin ribar wannan rahusar ba.

Abin da ya fi jawo asara kuwa shi ne jirgin tsakar dare. Idan tikiti ya ce Talata 00:30, to Litinin da daddare za ka je fili, domin a lissafin jirgi rana na canzawa ne da ƙarfe 12 na dare. Mutum ya zo Talata da dare da rakiyar dangi, a ce masa ai jirginsa ya tashi tun jiya, ga tara ko sabon tikiti.

Don Allah, Alhaji da Hajiya, kafin ku bar ofishin wanda ya yankar muku tikiti, ku sa ya rubuta muku rana da lokacin da za ku je fili da agogon gida, kuma ku isa awa uku kafin tashi.