Yadda Za Ka Kula Da Lafiyar Tarwada A Tanki Ta Amfani Da Wayarka

Wataƙila ka taɓa cin karo da bidiyon kifin nan mai launuka da Turawa ke kira wrasse a TikTok ko YouTube. Kifin teku ne, yana farautar jatan lande da ƙananan kaguwa, kuma ba ya rayuwa sai a ruwan gishiri. Ga matashin da ke Sandamu ko Daura, riƙe shi sai mai kuɗi. Amma muna da namu mafaraucin, wato tarwada, wadda ake kiwonta a tankin roba a bayan gida. Ga na'urorin da za su hana ka asarar jarinka.

1. Ma'aunin zafi na dijital
Tarwada ta fi girma idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 26 zuwa 30. A watan Afrilu da Mayu tankin da ke rana yakan wuce haka, sai ka yi masa rumfa. A hunturu kuwa ruwa kan yi sanyi da asuba, kifi ya rage ci. Idan ka ga haka, jinkirta abincin safe har rana ta ɗaga.

2. Alƙalamin awon pH
Ka nemi awo tsakanin 6.5 da 8. Kafin ka yarda da abin da ya nuna, daidaita shi da garin da ke zuwa cikin kwalinsa. Alƙalamin da ba a daidaita ba ƙarya zai yi maka.

3. Kayan gwajin amoniya
Amoniya na fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci, kuma dafinta na ƙaruwa idan zafi da pH sun hau. Shi ya sa bazara ta fi haɗari. Idan gwaji ya nuna ta hau, dakatar da abinci, ka sauya wani ɓangare na ruwan. Ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba, saboda sinadarin kulorin.

4. Famfon iska mai USB
Tarwada na iya shaƙar iska daga sama, amma ƙananan 'ya'ya sun fi buƙatar iskar cikin ruwa. Wannan famfo yana aiki da fawa-bank ko ƙaramar sola idan an ɗauke wuta.

5. Sikelin dijital da kalkuletar waya
Misali, kana da kifi 200, kowanne giram 50. Jimilla kilo 10 ke nan. Kashi 3 cikin 100 na wannan nauyi shi ne giram 300 a rana, ka raba shi sau biyu ko uku. Abin da ya wuce haka ruwa zai ɓata.

Kada ka manta mafarauciya ce
Babbar tarwada tana haɗiye ƙarama. Mutum kan zuba 'ya'ya 500, ya zo kamawa ya tarar sun ragu ba tare da ya taɓa ganin gawa ko ɗaya ba. Maganin shi ne tacewa: sa tunatarwa a Google Calendar duk sati biyu, ka ware manya zuwa wani tanki. Ka kuma rufe saman da raga, domin tana tsalle.

A ƙarshe, buɗe Google Sheets ka riƙa rubuta zafi, pH da yawan abinci kullum. Ranar da kifi ya ƙi ci, wannan jadawalin ne zai nuna maka inda matsalar ta faro.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.