Darasin Wannan Wata: Biyan Likita Tun Kana Lafiya

Jama'a, darasinmu na yau a kan inshorar lafiya ne, da yadda kamfanoninta ke samun kuɗi.

A shekarar 1933 wani likita, Sidney Garfield, ya buɗe ɗan asibiti a hamadar Kalifoniya, ƙasar Amurka. Leburori masu haƙa hanyar ruwa yake dubawa. Majinyata na zuwa, amma kuɗi ba sa shigowa. Asibiti ya kusa durƙushewa.

Sai aka sake dabara. Aka riƙa biyansa kwabo 5 na kuɗin Amurka kullum a kan kowane lebura, ko yana ciwo ko lafiyarsa lau. Nan fa lissafi ya juya. Da, sai mutum ya kwanta likita ke samu. Yanzu kuwa, in lebura bai ji ciwo ba, kuɗin na nan a asusu. Don haka likita ya shiga hana haɗari tun bai auku ba. Wannan tsari ne ya haifi Kaiser Permanente a 1945. Yau masu rajista da shi sun haura miliyan 12.

Amma akwai tarko. Kamfani mai kwaɗayin riba na iya hana majinyaci magani mai tsada don kuɗi su saura hannunsa. A 2010 Amurka ta yi doka: cikin kowace dala 100 da kamfani ya karɓa, aƙalla 80 su tafi ga kula da lafiyar jama'a.

A Nijeriya ma akwai irin waɗannan kamfanoni. In an kawo muku takardar shiga, kafin ku dangwala hannu ku tambaya: wane ciwo ne ba sa biya?