Fibi da 'Yan'uwanta: Hidimar Mace a Cikin Birni

Karatu: Romawa 16:1-2, Ayyukan Manzanni 6:1-7, 9:36-42.
Ayar haddacewa: Yaƙub 1:27.

Gabatarwa

A ƙauye, kadan mutum ya kwanta ciwo, ba ya rasa mai kawo masa kunu. Dangi suna kewaye da shi, maƙwabta kuwa sun san har sunan kakansa. Amma birni ba haka ya ke ba. A can mutum ya kan yi kwana uku a ɗakin haya yana fama da zazzaɓi, ba wanda ya leƙa shi. Cikin wannan darasi za mu ga yadda Ubangiji ya kan ta da mata su zama dangi ga marasa dangi, da yadda ya wajaba ikilisiya ta keɓe su, ta koya musu, ta kuma tsaya a bayansu.

1. Fibi ta Kankiriya

Kankiriya tashar jiragen ruwa ce ta birnin Korinti, wajen mil 7 daga gabas da shi. Garin baƙi ne, na fatake da matuƙa da bayi da masu dako. A nan Fibi ta yi aikinta. Manzo Bulus ya kira ta da kalmar Helenanci "diyakonos", watau mai hidima, daga nan ne kuwa muka sami kalmar dikin. Ya shaida cewa ta taimaki mutane da yawa, har da shi kansa. Masana da yawa suna gani ita ce ta kai wasiƙarsa Roma.

Mu lura da abu biyu. Na fari, Bulus ya haɗa sunanta da sunan ikilisiyar garinta: jama'a sun san aikinta, sun kuma amince da ita. Na biyu, ya roƙi mutanen Roma su taimake ta cikin dukan abin da ta ke bukata. Ashe mai taimakon mutane ita ma tana bukatar taimako.

A Urushalima kuma, sa'ad da aka yi gunaguni domin ana manta da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su tsaya ga yin wa'azi a kan ƙauna kaɗai ba. Sai suka sa aka zaɓi mutum 7, aka danƙa musu aikin. Gama aikin da aka bar wa kowa, sau da yawa ba mai yinsa.

2. Wata Fibi a Birnin Landan

Da shekaru suka shuɗe, wannan matsayi na mata ya ɓace daga yawancin ikilisiyoyi. A 1836 wani fasto na ƙasar Jamus, Theodor Fliedner, tare da matarsa Friederike, suka buɗe gida a garin Kaiserswerth domin koya wa mata jinya da renon yara da ziyarar matalauta. Florence Nightingale ma ta yi koyo a can a 1851.

Cikin waɗanda suka tafi koyo a wannan gida akwai wata 'yar Ingila, sunanta Elizabeth Ferard, wadda aka haifa a 1825. 'Yar masu hali ce, da ta so da ta yi zamanta cikin hutu. Amma a 1861 ita da waɗansu mata biyu suka kama gida kusa da King's Cross, babbar tashar jirgin ƙasa ta arewacin Landan. Unguwar cike ta ke da talakawa waɗanda suka baro ƙauyuka neman aiki, iyali guda a ɗaki guda, ga hayaƙi, ga cuta. Ran 18 ga Yuli 1862 Bishop Tait na Landan ya keɓe ta, ta zama mace ta fari da Ikilisiyar Ingila ta ba wannan matsayi.

Aikinsu ba mai ƙyalli ba ne. Su kan bi gida gida suna duba marasa lafiya, su kan yi jinya a asibiti, su kan koya wa 'ya'yan matalauta karatu. Ita kuwa ba ta riƙe aikin a hannunta kaɗai ba, sai ta yi ta horon waɗansu mata. A 1873 rashin lafiya ya sa ta sauka daga shugabanci, ta rasu ran 18 ga Afrilu 1883. Amma aikin bai mutu tare da ita ba, domin ta bar magada, ikilisiya kuma ta riga ta karɓi aikin ya zama nata.

3. Kafanchan, Garin Baƙi

Yanzu bari mu komo gida. A 1927 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta haɗu da ta Kaduna da ta Jos a Kafanchan. Nan da nan ƙasar Fantswam ta cika da baƙi: Ibo da Yarabawa da Hausawa, tare da mutanen Kagoro da Bajju da Ham da Atyap da Kaninkon. Yadda tashar ruwa ta tara baƙi a Kankiriya, tashar jirgi kuma ta tara su a King's Cross, haka ya faru a nan. Daga baya zirga-zirgar jirgi ta ragu ƙwarai, amma baƙi ba su daina zuwa ba, waɗansu domin makaranta, waɗansu domin kasuwa, waɗansu domin asibiti.

Garin kuma ya sha wuya. An yi rikici a watan Maris 1987, aka sake yi a watan Afrilu 2011, sa'ad da kasuwa ta ƙone. Kirista da Musulmi duka sun yi hasarar rai da dukiya. Ko bayan wannan, hare-hare a ƙauyukan kudancin Kaduna sun koro mata da yara da yawa zuwa cikin gari. Wace ce za ta san inda suka kwana?

Muna godiya ga Allah domin Zumuntar Mata. Su ne masu kai abinci asibiti, su ne masu kwana a gidan makoki. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke, su kuwa sun gaskata wannan magana. Amma sai mu faɗi gaskiya: sau da yawa ƙafarmu ta kan tsaya a ƙofar wanda muka sani, ɗan yarenmu ko ɗan majami'armu. Baƙuwar da ba ta da kowa, wadda kunya ta hana ta roƙo, ita ce a kan manta. Kuskuren Urushalima ke nan, yana kuwa nan tare da mu.

4. Abin da Ya Wajaba Mu Yi

(a) Mu zaɓa. Kowace ikilisiya ta nemi mace mai tsoron Allah, mai riƙon asiri, wadda ba ta tara, a keɓe ta da addu'a a gaban jama'a. Akwai ɗakin da namiji ba shi da ikon shiga, akwai kuma maganar da mace ba za ta faɗa wa dattijo ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

(b) Mu koya mata. Kirki kaɗai bai isa ba. Ta san Maganar Allah, ta san alamun ciwon da ba ya jiran gobe, ta iya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, domin kada a sami abin zargi.

(c) Mu tsaya a bayanta. A ware mata rabo daga cikin baiko, a ba ta abokiyar tafiya da ranar hutu. Kada mu ɗora mata kaya, sa'an nan mu koma gefe muna yabonta.

(d) Kada mu sa mata iyaka. Yunwa ba ta tambayar kabila ko addini, haka kuma jinƙan Kristi.

Dokas ta Yafa ba ta bar wa'azi ko ɗaya a rubuce ba. Da ta rasu, riguna ne gwauraye suka nuna wa Bitrus suna kuka. Shaidarta ke nan, ta kuwa isa.

Tambayoyi

1. Me ya sa manzanni suka zaɓi mutum 7, maimakon su bar aikin ga kowa?
2. Ina abin da ya sa aikin Elizabeth Ferard ya ɗore bayan rasuwarta?
3. Su wane ne baƙi a unguwarmu waɗanda ba wanda ya ziyarce su a wannan wata?
4. Akwai wata Fibi a cikinmu? Da me muka taimake ta bana?

Addu'a

Ya Ubangiji Yesu, kai da ka zo domin ka yi hidima, ka buɗe idanunmu mu ga baƙo da gwauruwa da maraya a garinmu. Ka ta da mata masu aminci domin wannan aiki, ka kuma ba mu zuciyar tsayawa tare da su. Amin.